Yadda Katagum Ta Shiga Rajista

A da, Bahaushe ba ya da sunan dangi irin na Turawa. Akwai sunan yanka, akwai laƙabi; in ana son bambancewa sai a jingina mutum da ubansa, ko sana'arsa, ko ubangidansa. Katagum kuwa sunan gari ne kurum, birnin da Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19. Nan Bature Hugh Clapperton ya sauka a watan Janairu 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, kuma a Murmur, kusa da garin, abokin tafiyarsa Likita Walter Oudney ya rasu.

Boko ce ta sauya lamarin. Rajistar makaranta tana son suna biyu, ga shi aji ɗaya sai a tarar da Muhammadu uku, Abubakar huɗu. Yaran kuma, saboda kunya, ba kowa ke iya furta sunan mahaifinsa a bainar jama'a ba. Sai aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu. Ta haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Aminu Kano. Sardauna ma Ahmadu Raba ake kiransa a Kwalejin Katsina. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen Turawan da suka kawo boko, don a Ingila ma iyalai da yawa sunan garin kakanninsu suke amsawa, kamar York da Lancaster.

Wanda ya fi fito da sunan Katagum shi ne Alhaji Sule Katagum, Wazirin Katagum, wanda ya daɗe yana shugabantar hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin tarayya har zuwa 1975, ya rasu a 2017. A 2018 Audu Sule Katagum ya zama mataimakin gwamnan Jihar Bauchi. Duba sunan nan da kyau: abin da ya fara a matsayin adireshi ya zama gado. Shekara ɗaya bayan haka, Mariam Yalwaji Katagum, haifaffiyar Azare, ta zama ƙaramar ministar masana'antu da ciniki.

Sai dai sunan ya yi ƙaura ya bar mai shi. Tun 1916 aka mayar da fadar Sarkin Katagum Azare. Yau ƙaramar hukumar Katagum a Azare hedikwatarta take, tsohon garin Katagum kuwa shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki.