Tambarin Da Ya Raba Gardamar Gatarin Kaka

A ƙasar Bagudo duk tsohon ƙarfen Turawa da aka gada, galibi ɗayan biyu ne: ko na Ingila ko na Faransa. Dalili kuwa, yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ce ta bar Illo a hannun Ingila, ƙetaren iyaka ya zama Dahome ta Faransa, wadda ta koma Benin a 1975.

To, gatarin da na gada wurin kakana, mai kaifi a gaba da tsini a ƙeya, ya raba kan dangi. Baffana ya dage na yaƙi ne daga Dahome, wasu kuwa suka ce a miƙa wa 'yan gwangwan kawai.

Da na goge tsatsar da kananzir, sai ga sunan Chillington, kamfanin garin Wolverhampton na Ingila, masu fartanyar nan mai tambarin kada. Ƙotar roba ce, don kada wutar lantarki ta kama mai sara. Irinsa 'yan kwana-kwana suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, tsinin kuwa na ɓalle ƙofa ne. Gefen sunan ga 'yar kibiya mai ƙafa uku, shaidar kayan gwamnatin Ingila. Da na Faransa ne, da irin zakin Peugeot za mu gani. Kaka kuwa tsohon soja ne, na cikin waɗanda suka je Bama. Baffa ya yi shiru.

Don Allah mai irin wannan gado kada ya kai shi injin washi. Ranar da tambarin ya goge, shaidar ta tafi ke nan.