Rigimar Lamba Shida: Wa Ke da Shirin The Prisoner?

Wani mai karatu ya aiko yana tambaya ko ɗan leƙen asirin da aka tsare a shirin The Prisoner shi ne John Drake na Danger Man. Tun 1967 ake ja-in-ja a kan wannan, kuma mutum biyun da suka fi kowa sanin amsar, Patrick McGoohan da George Markstein, sun mutu ba su daidaita ba.

Uban tafiyar shi ne Lew Grade, mai kamfanin ITC, Bayahude haifaffen Yukiren da ya tashi a Landan, tsohon gwanin rawa wanda sigari ba ya rabuwa da bakinsa. Idonsa na kan kasuwar Amurka. Shi ya zuba kuɗi a The Saint na Roger Moore a 1962, kafin nan kuma a Danger Man a 1960. Tauraron Danger Man, Patrick McGoohan, ɗan Katolika ne mai riƙo da addini, kuma mai taurin kai. Ya ƙi sumbatar mata a gaban kyamara, bai yarda John Drake ya riƙa yawo da bindiga ba, alhali a lokacin James Bond ke tashe da waɗannan biyun. Duk da haka shirin ya karɓu.

A 1966, bayan an ɗauki kashi biyu kacal masu launi, McGoohan ya ce ya gaji. Ya kai wa Grade sabon labari: jami'i ya ajiye aiki a fusace, aka shaƙa masa hayaƙi a gidansa, ya farka a wani ƙauye mai kyau a bakin teku inda ba a kiran kowa da suna sai da lamba. Shi ne Lamba Shida. Abin da masu ƙauyen ke so su sani ɗaya ne, dalilin murabus ɗinsa. Wanda ya yi yunƙurin gudu, wani farin balan-balan ya bi shi ya danne masa fuska. McGoohan kashi 7 ya so, Grade ya nemi 26 don ya ji daɗin sayarwa, aka tsaya a 17.

George Markstein, editan labarin, ya ce tunanin nasa ne. A cewarsa ya samo shi daga Inverlair Lodge, wani gida a Sikotlan inda hukumar sirri ta Birtaniya, SOE, ta killace wasu jami'anta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ba a iya tura su aiki, kuma sun san abin da ba za a bar su su fita da shi ba. Gidan gaskiya ne, labarin kuma da daɗin ji. Markstein ne ma mai sanƙon nan da ke zaune bayan tebur a buɗewar shirin, wanda McGoohan ke jefa wa takardar murabus yana dukan tebur.

Sai dai lissafin shekaru ba ya bayansa. Portmeirion, ƙauyen Wales da Clough Williams-Ellis ya fara ginawa a 1925 a kan salon Italiya, wanda daga baya ya zama ƙauyen The Prisoner, a can aka ɗauki kashin farko na Danger Man, tun lokacin McGoohan ya san wurin. A 1964 kuma an nuna kashin "Colony Three", inda Drake ya shiga wani ƙauyen Ingila na bogi a ƙasar 'yan gurguzu, wanda mazaunansa ba sa fita. Duk wannan kafin Markstein ya shigo. A ganina ya kawo tsari, ya ɗaure labarin don kada ya watse, amma ba shi ya shuka irin ba.

A batun suna kuwa, na fi gaskata Markstein, wanda ya ce Lamba Shida Drake ne. McGoohan ya musa har ƙarshen rayuwarsa. To amma hoton da ake buga wa alamar soke a buɗewar shirin, hoton tallan Drake ne. Christopher Benjamin ya fito da sunan Potter a shirye-shiryen biyu. Ga kuma Ralph Smart, wanda ya ƙirƙiri Drake: da an ambaci sunan, da yana da haƙƙin da zai nema. Biri ya yi kama da mutum.

Markstein ya bar aikin bayan kashi 13, McGoohan ya rubuta ƙarshen da kansa. An fara nuna shirin a Birtaniya ranar 29 ga Satumba 1967, aka rufe a Fabrairun 1968 da "Fall Out". Masu kallo na jiran a tona wani babban mugu. Lamba Shida ya fizge abin rufe fuskar Lamba Ɗaya, shugaban ƙauyen na ɓoye, sai ga fuskar biri. Ya sake fizgewa, sai ga fuskarsa shi kansa tana ƙyaƙyata dariya. Mutane suka yi ta bugo wa gidan talabijin waya cikin fushi, McGoohan ya ce sai da ya ɓuya.

Daga baya ya koma Amurka, ya ci lambar Emmy sau biyu a Columbo. Markstein ya koma rubuta littattafan leƙen asiri, ya mutu a 1987. McGoohan ya bi shi a Janairun 2009. A shekarar aka nuna sabon The Prisoner da aka ɗauka a Namibiya, kashi 6, da Jim Caviezel da Ian McKellen, bai yi wani tasiri ba.