Rediyon Makka da Masu Riƙonsa

Sa'ad da waya da tarho suka fara shiga ƙasar Makka, waɗansu malamai ba su yarda da su ba. Suka ce ƙarfen da ke kawo muryar mutum daga nesa ba ya rasa hannun aljannu a ciki. Ana ba da labari, wai Sarki Abdul'azizu ya sa aka karanta Alƙur'ani ta cikin na'urar, sa'an nan ya tambaye su ko Shaiɗan ya iya ɗaukar maganar Allah. Daga nan gardama ta yi sauƙi, amma ba ta mutu ba. Duk wanda aka ba riƙon gidan rediyo a wannan ƙasa, ita ya fara gada.

A cikin watan Azumi na shekarar Hijira 1368, watau 1949, Sarki ya ba da umurni a kafa gidan rediyo, ya sa ɗansa Faisal, wakilinsa a Hijaz, ya duba al'amarin. Aka kafa injuna a Jidda, inda Turawa ma'aikata ke iya zuwa, gama wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. Duk da haka sunan Makka gidan ya ɗauka. Ranar hawan Arfa aka fara magana, Faisal ya karanta jawabin ubansa na yi wa alhazai maraba. Ƙarfin injin kaɗan ne, ba a ji sosai sai a Hijaz. Daga baya aka buɗe ɗakin magana a cikin Makka kanta.

Takardar umurnin nan ita ce abin lura. Ta ce a naɗa shugaba wanda nauyin shirye-shirye zai hau kansa. Labarin ƙasashen waje a faɗe shi yadda ya ke, ba zagi, ba habaici, ba kuma yabon da ba shi da dalili. Labarin gida kuwa a bi al'ada, abin da aka saba yin shiru a kansa a yi shiru, abin da aka saba faɗi a faɗa. To, mai karatu ya duba wuyar wannan aiki. Ba a rubuta wa shugaban jerin abubuwan da za a yi shiru a kansu ba, sai dai ya san su da kansa. In ya faɗi abin da ba a faɗi, fada ta kira shi. In ya sa kiɗa, malamai su tashi. In kuwa ya bar gidan ba kome sai wa'azi da sanarwa, mutane su murɗa akwati su koma wata tasha.

A lokacin ba makarantar koyon wannan aiki a ƙasar. Sabo da haka aka nemo masu alƙalami. Ibrahim Fauda, wanda ake lissafa shi babban darekta na farko, haifaffen Makka ne, mawallafin waƙoƙi, ma'aikacin gwamnati. A 1955 aka haɗa rediyo da jaridu a ƙarƙashin hukuma guda, aka ba Abdullahi Balkhair, shi ma mawaƙi ne, ya kuma yi aiki a fadar Sarki. Ashe hanyar kujerar nan biyu ce, iya Larabci da amincewar fada. Sanin inji na wasu ne.

Abin da ya tsananta musu shi ne Masar. A 1953 aka buɗe tashar Sautul Arab a Alƙahira, ga ƙarfi, ga mawaƙa, ga zafin baki. Da yaƙin Yaman ya tashi a 1962, Masar da Saudiyya suna goyon ɓangarori dabam, sai tashar ta juyo kan gidan sarauta, mutanen Hijaz kuwa suna ji a ɗakunansu. Hana su ji ba ya yiwuwa. Dabarar da ta rage ita ce a gyara na gida. A 1963 aka kafa Ma'aikatar Watsa Labarai, Jamil Hujailan ya zama ministanta na farko. A shekarar nan aka fara jin muryar mace a rediyon ƙasar, masu ƙi suka kai kuka, Faisal bai janye ba. A 1965 aka buɗe tashar Riyad, nauyin aiki ya fara komawa can. An kuma keɓe wa addini tashoshinsa, Nida'ul Islam, da tashar Alƙur'ani a 1972.

Bahaushe ba zai ji wannan labari baƙo ba. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyon Kaduna, domin Arewa ta sami bakin kanta, masu riƙonsa kuma suka sami kansu tsakanin gwamnati da sarakuna da malamai da masu saurare. A Saudiyya sai a 2012 aka mai da rediyo da talabijin hukuma mai zaman kanta, da shugabanta da kasafin kuɗinta.