Daga Bilma zuwa Bennu: abin da gishiri ke ɓoyewa

Idan ka taso a Beli ko Rogo, ka san kanwar da ake jefawa a tukunyar wake ko a kunu. Wannan kanwa, da gishirin kantu da ake ba dabbobi, sun daɗe suna shigowa ƙasar Kano a bayan raƙuma da jakuna. Kanwa tana fitowa ne daga yankin Manga da Tafkin Chadi, kantu kuma daga Bilma da Fachi a Nijar. Bajamushen nan Heinrich Barth ma ayarin gishiri ya biyo daga Azbin a ƙarshen 1850, ya iso Kano a farkon 1851.

Mutanen Bilma ba ko'ina suke haƙa rami ba. Suna neman inda ruwa mai gishiri yake kusa da saman ƙasa, su bar rana ta ƙafar da shi. Wato duk inda ka ga gishiri ya kwanta, ruwa ya taɓa zama a wurin.

To, da wannan ilimin masu binciken sararin samaniya ke aiki yau. A 2008, hotunan kumbon Mars Odyssey sun nuna wurare kusan 200 masu gishiri a kudancin duniyar Mars. Abin da ya ja hankali shi ne, ƙwayar gishiri kan rufe ɗigon ruwa a cikinta yayin da take ƙulluwa. An ga haka a dutsen da ya faɗo a Monahans ta Amurka a 1998. In akwai ragowar wata halitta a ruwan, tana iya saura a ciki.

Amma zaɓen wuri ba wasa ba ne. Motar Perseverance da ta sauka a kwarin Jezero a 2021 bututu 43 kacal ta tafi da su, kuma a 2023 an ƙiyasta dawo da su zai iya cin dala biliyan 11. Wanda ya haƙa a wurin da bai dace ba, ba shi da damar komawa gobe.

A Satumban 2023, kumbon OSIRIS-REx ya kawo giram 121.6 na ƙasa daga Bennu, wani dutse mai kewaya rana. An kawo ta a rufe ruf, don irin wannan gishiri yana lalacewa da ya sha raɓa. Cikin abin da aka tarar har da trona, ma'adinin da ke cikin kanwarmu. Ke nan dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinsa ya taɓa ɗauke da ruwan kanwa da ya ƙafe, fiye da shekara biliyan 4 da suka wuce.