Daga Marinar Ƙofar Mata zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje: Kano da Injiniyancin Sinadarai

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Wani ƙaninmu daga Gyaɗi-Gyaɗi ne ya aiko da tambaya. Ya gama digirin farko a injiniyancin sinadarai, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana so ya koma digiri na biyu, irin mastas ɗin nan da ake zama a yi bincike a rubuta kundi. To amma a gida an ce masa wannan karatun na mutanen Fatakwal da Warri ne, masu man fetur, me Bakano zai tsinta a ciki? Ya nemi rumfa a kasuwar Tarauni ya fi masa. Ni ba zan ce masa je ka ko kada ka je ba. Tarihi zan ba shi, domin maganar cewa harkar sinadarai baƙuwa ce a Kano, wannan kam ba haka ba ne.

Mu fara da Ƙofar Mata. Masu marinar suna cewa tun 1498 take, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ka tsaya bakin ramin ka dubi abin da marini yake yi. Ya zuba ruwa, ya zuba toka da kanwa, ya zuba baba, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana motsawa da muciya. Me ya sa sai an jira? Saboda shuni ba ya narkewa a ruwa, ko ka kwana kana damawa. Sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke iya rayuwa cikin ruwan toka, sun juya shi ya koma wani abu mai narkewa, shi ne zai shiga cikin zare. Shi ya sa in aka ɗago zane daga rami za ka gan shi kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi a gaban idonka, ya kuma maƙale ke nan. A tsoma, a ɗago, a tsoma, a ɗago, har ya yi baƙi wuluk. Marini ba shi da na'urar awo. Hancinsa da harshensa da kalar kumfa su ne ke gaya masa rami ya nuna ko ya mutu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ramin kansa. Marigayi Philip Shea, Ba'amurken nan da ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan rinin ƙasar Kano ya yi digirinsa na uku. Ya nuna cewa a da cikin manyan tukwane ake rini, sai marina suka koma haƙa ramuka masu zurfi suna shafe su da laso. Shi kuwa laso, daga katsi ake yin sa, wato dattin da ke kwantawa a gindin marina. A kwashe, a ƙona, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan wasu itatuwa, ya zama siminti mai hana yoyo. Kun gani? Sharar marini da sharar majemi su ne suka gina rami mai cin tufafi ninkin-ba-ninkin na tukunya, kuɗin rina kowace riga ya sauka. Ɗauko abu daga tukunya a kai shi ma'aunin masana'anta ba tare da ya lalace ko ya yi tsada ba, ai shi ne cibiyar karatun injiniyan sinadarai har gobe.

Kuma kasuwa ta amsa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, a ƙalla. Suna zuwa Tumbuktu, suna zuwa Gat da Tarabulus. Turkuɗin Kura, wanda mabuga ke bugawa da shuni har ya riƙa walƙiya, shi Buzaye ke naɗawa a cikin Sahara.

Haka jima. Majemi ya jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, ya tausasa ta da kashin tattabara ko na kaji, sannan ya jeme ta da bagaruwa. In ja ake so, ga karan dafi. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa tana ƙetare hamada, Turawa su saye ta a tasoshin Arewacin Afirka, su sa mata sunan fatar Maroko. Wahala tamu, suna na wani.

To ina aka bar mu? A ɗakin gwaji aka bar mu. Wani masani a Jamus, Adolf von Baeyer, ya shafe shekaru yana bin diddigin shuni, har ya iya haɗa shi ba tare da ganyen baba ba, wajajen 1880. Amma haɗawa a kwalba daban, cika jirgin ruwa da shi daban. Sai da kamfanin BASF ya ƙara kusan shekara 17 yana zuba kuɗi kafin ya fito da shi kasuwa a 1897. Cikin 'yan shekaru noman baba a Indiya ya durƙushe. A Amurka kuma, a 1884, Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kurom, aikin da kan ɗauki makonni da kayan itace ya dawo na kwana ɗaya ko biyu. A daidai wannan tsakanin ne aka haifi fannin kansa: George Davis ya yi laccocinsa 12 a Manchesta a 1887, jami'ar MIT ta buɗe kwas ɗin a 1888. A lura, su ma ba da man fetur suka fara ba. Da soda da asid da rini da sabulu suka fara.

Mu kuwa a nan, marini ya san yadda ake yi, sani na gaske, amma ba a rubuta dalilin da ya sa yake yiwuwa ba, balle a auna a gyara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fata ta koma bin dogo zuwa Ikko, mafi yawa ɗanya, a jeme ta a can Turai. Sannu a hankali rinin gwangwani da kostik suka shigo hannun masu rinin shadda. A 2015 har zanga-zanga marinan Kano suka yi zuwa fadar Sarki, kan kayan Sin da ke kashe musu sana'a.

Bayan 'yancin kai an yi yunƙuri, kada a ce ba a yi ba. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashenta na injiniyancin sinadarai ya biyo baya a shekarun 1970. An kafa asusun PTDF a 1973 don horar da 'yan ƙasa a harkar mai. Matatar Kaduna ta fara aiki a 1980. Ga kuma cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Basawa a Zariya, wadda asalinta cibiyar binciken fata ce kafin a faɗaɗa aikinta a 1988. Wato ko a hukumance, ta ƙofar jima binciken sinadarai ya shigo Arewa. Shekara da shekaru ɗan Tarauni mai son wannan karatu sai ya hau mota a Unguwa Uku ya nufi Samaru. Yanzu Jami'ar Bayero ma tana da sashen sinadarai da man fetur.

Masana'antun jima na zamani kuwa suka zauna a Bompai, Sharaɗa da Challawa. Nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Jimar zamani na shan ruwa ƙwarai, tan ɗaya na ɗanyar fata kan ci lita 30,000 ko fiye. Ana cire gashi da farar ƙasar laim da salfaid, shi ne warin ruɓaɓɓen ƙwan nan da ke tarbarka in ka doshi wajen. Sannan a jimar da aka saba, kusan kashi ɗaya cikin uku na kurom ɗin da aka zuba ba ya kama fata, ruwa yake bi. Ruwan Bompai na gangarawa ta rafin Getsi ya faɗa Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji. Na Sharaɗa na bin Salanta zuwa kogin Challawa. Shi kuma Challawa yana haɗuwa da kogin Kano a wajajen Tamburawa, inda babbar matatar ruwan sha take, a kan wannan titin Zariya da ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda bai taɓa taka Sharaɗa ba ma, yana cin salak.

Abin haushin shi ne maganin ba asiri ba ne. An san yadda ake kwantar da kurom daga ruwan jima da sinadari irin magnesiya, a tace, a narkar da shi da asid, a mayar cikin ganga a sake jima da shi. Ana yi a Indiya, ana yi a Italiya. Abin da littafin Turai ba zai gaya maka ba shi ne nawa zai ci a Challawa, da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, da farashin dizal, da irin fatarmu da irin ruwanmu. Ko kuma, yaya za a tatso sinadarin bagaruwa ya zama gari mai ƙarfi iri ɗaya a kowane buhu, yadda kamfani zai yarda ya rage kurom ya dogara da shi? Waɗannan tambayoyi ne daidai girman mastas na bincike. Ba su kai a ce sai farfesa ba, sun kuma fi ƙarfin aikin ɗan aji huɗu.

Akwai misali a Zariya. An daɗe ana bincike kan farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina, ana juya ta zuwa ziyolait, sinadarin da matatun mai ke amfani da shi wajen farfasa mai mai nauyi ya ba da fetur, wanda daga waje ake sayo shi. Ɗalibai da dama sun samu digiri na biyu da na uku a kan ƙasar nan. Yanzu ga matatar Ɗangote a Legas, mai ganga 650,000 a rana, da aka ƙaddamar a 2023, ta ɗan Kano. Tsakanin abin da aka haɗa a kwalba a Samaru da abin da irin wannan matata za ta saya da tirela, akwai irin shekara 17 ɗin nan na BASF, kuma wani ne zai biya kuɗinsu.

Saboda haka ƙanina, ga yadda abin yake a ƙasa. A takarda shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu: zangon farko aji, saura ɗakin gwaji, sai kare kundi gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. A zahiri yakan zarce. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci. Sau da yawa kai za ka sayi sinadaranka, kai za ka biya kuɗin awon samfur a wani gari, in ba ka dace da tallafin PTDF ba. Kafin ka sayi fom, ka je sashen da ƙafarka, ka ga na'urorin da ke aiki, ba waɗanda aka lulluɓe da leda ba. Ka tambayi ɗaliban malamin da kake so ya duba aikinka shekara nawa suka yi a hannunsa. Taken binciken kuma kada ka tsaya jiran a miƙo maka daga durowa. Ka shiga Majema a Ƙofar Wambai, ka zauna da marinan Ƙofar Mata, ka samu wani injiniya a Challawa ya gaya maka abin da ke cinye masa riba, ka tafi da jarka biyu ka ɗebo ruwan Salanta.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu shiga tarihin masaƙun Kano da abin da ya rufe su.