Gina Suna a Sana'ar Tsara Karatun Intanet: Nazarin Kwas ɗin Manitoba na 2008

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda masu tsara karatun intanet ke yin suna ta hanyar baje aikinsu a fili. An kwatanta kwas ɗin Jami'ar Manitoba na 2008 da na Jami'ar Stanford na 2011, bisa ra'in Robert Merton. An gano cewa baje aiki na jawo amincewar abokan sana'a, amma kuɗi da shuhura sun fi bin sunan jami'a.

Fitilun Kalmomi: karatun intanet, tsara darasi, suna, MOOC

1.0 Gabatarwa

Aikin mai tsara darasi ɓoyayyen aiki ne. Shi ke yanke shawarar abin da ɗalibi zai fara gani, inda za a yi masa tambaya, da yadda za a auna fahimtarsa. Amma sunan malamin kwas ne ke fitowa, darasin kuma yana kulle, sai wanda ya yi rajista ke shiga. To, ta ina abokan sana'a za su san gwaninsu? Tun 1990 Ernest Boyer ya yi kira da a ɗauki koyarwa a matsayin aikin ilimi kamar bincike. A 2011 Martin Weller na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ya faɗaɗa batun zuwa ayyukan masana a intanet.

2.0 Ra'i da Dabarun Bincike

An dogara da bayanan da aka riga aka wallafa. Ra'in kuwa na Merton ne na 1968: a fagen kimiyya, wanda ya riga ya shahara shi ke kwashe yabo, ko da wani ya riga shi yin aikin.

3.0 Sakamako da Tattaunawa

A Disamba 2004 George Siemens ya saki wata maƙalarsa kan yadda ake koyo kyauta a intanet, kafin wata mujalla ta buga ta a 2005. Da'awarsa ita ce ilimi yana zaune a mahaɗar da ke tsakanin mutane da na'urori, ba a cikin kan mutum ɗaya kawai ba. Masana irin su Bill Kerr sun musa cewa wannan sabon ra'i ne, kuma musun ya ƙara yaɗa sunan Siemens. A 2008 shi da Stephen Downes na Majalisar Bincike ta Ƙasar Kanada suka gwada ra'in Siemens a aikace ta hanyar wani kwas a Jami'ar Manitoba. Ɗalibai 25 ne suka biya kuɗi a Manitoba, sama da 2,000 suka bi kyauta daga ƙasashe dabam-dabam. A kan wannan kwas ne Dave Cormier ya fito da sunan MOOC, wato buɗaɗɗen kwas na intanet ga ɗimbin jama'a.

Abin lura shi ne irin mutanen da suka shiga. Da yawansu malamai ne da masu tsara darasi, wato waɗanda suka isa su yi hukunci. Sun ga tsarin a buɗe, sun ga inda ya rikice, domin ɗalibai da dama sun koka da yawan bayanai da rashin alƙibla. A ganin mai wannan nazari, ganin kurakuran nan ya fi jerin nasarori gina amana. Takardar shaidar aiki ba ta nuna yadda mutum ke gyara abin da ya ɓaci.

Sai dai a 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe kwas ɗin ƙirƙirarriyar basira a Stanford, kimanin mutum 160,000 suka yi rajista. Tsarinsu na gargajiya ne: bidiyon lacca, tambayoyi, jarrabawa. A 2012 aka ƙaddamar da dandalin kwasa-kwasan intanet na Coursera, jami'o'in MIT da Harvard kuma suka zuba dala miliyan 60 a wani dandalin mai suna edX, jaridar New York Times ta kira shekarar ta MOOC. Sunan da aka raɗa a Kanada ya koma hannun manyan jami'o'in Amurka, har sai da Downes ya bambanta iri biyun da cMOOC (irin na Manitoba) da xMOOC (irin na Stanford) don kada asalin ya ɓace. Abin da Merton ya bayyana ke nan, sai dai a nan jami'a ce ta kwashe yabon, ba mutum ba.

Akwai kuma gibi a wannan nazari. A lokacin, Siemens da Downes suna da albashi da ma'aikatar da ta bar su su saki aikinsu, kuma da Turanci suke rubutu. Mai tsara darasin da ke aikin kwangila, wanda haƙƙin mallakar darasinsa ke hannun kamfani, ba shi da ikon baje komai. Halin da irinsa ke ciki yana buƙatar bincike na dabam, ta hanyar hira da su kansu.