Sana'a da Makaranta a Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi gabas, ta ratsa Achida zuwa Wurno da Goronyo, in da rani ne, zai ga fadamar Rima kore shar da albasa da tafarnuwa da alkama, zai kuma ji ƙugin injunan ban ruwa ko ta ina. In ya tsaya a Dinawa ko wani gari irinsa ya tambayi wanda ke gyaran injunan nan inda ya koyi aikinsa, da wuya ya ji an ambaci makaranta. Amsar da aka saba ji ita ce a gareji, wajen maigida wane. Alhali kuwa yau fiye da shekara ɗari ke nan hukumomin ilmi suna faɗin za su shigar da sana'a cikin makaranta. Nufina a wannan takarda in bi sawun wannan alkawari, in nuna inda ya riƙa kuɓucewa. Da yake kuma nazarin harshe na karanta, zan kafa shaida da kalmomi, gama sau da yawa harshe yakan riƙe abin da takardun ofis suka manta.

1. Zamanin ribaɗi

Wurno gari ne na ribaɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa shi wajen 1830 don tsaron gabashin Sakkwato daga harin Gobirawa, a can ya zauna cikin shekarunsa na ƙarshe, a can kuma ya rasu cikin 1837. Amma ribaɗi a wurin Bello ya wuce ganuwa da mayaƙa. Cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, watau manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya ce a rarraba su garuruwa gwargwadon bukatar kowane gari. Ya kuma yi wani littafi, Tanbihus Sahibi, a kan hukunce-hukuncen neman abinci da falalar cin gumin kai. Baturen nan Barth, wanda ya sauka Wurno cikin 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya je kasuwar Sakkwato ya yaba aikin fata da na ƙarfe da ya gani. Fatar jar akuyar ƙasar nan kuwa ta daɗe tana ƙetare Sahara, har a Turai ana kiranta fatar Maroko.

To, yaya ake koyon sana'a a wancan zamani? Yaro yakan tashi a gindin ubansa ko wani ɗan'uwa. A maƙera da zuga zai fara, yana nan riƙe da zugazugi yana kallo, sannan a ba shi masaba, sannan awartaki, har ran da za a bar shi shi kaɗai da uwar maƙera. Abu uku ke haɗe a nan: gwani mai koyarwa, da kayan aiki a hannu, da mai saye a bakin ƙofa. Fartanyar da yaro ya ɓata, manomi zai komo da ita gobe, shi ne jarrabawarsa. Kowace sana'a kuma da shugabanta, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Magina, Sarkin Aska, su ne masu tsawatawa, su ne masu kai kuka fada. Karatun allo bai hana wannan ba, gama yaro yakan yi karatu da asuba da dare, ya yi sana'a da hantsi.

Kada mu ƙawata abin ya wuce gaskiya. Galibin sana'o'in nan gado ne, wanda ya shigo daga baya shigege ake ce masa, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana cikin bincikensa na ƙasar Zazzau. Bayi sun ɗauki kaso mai nauyi na aikin, waɗansu sana'o'in kuma, kamar fawa da jima, ana raina masu yinsu ko da sun yi arziki. Ashe raina aikin hannu ba boko ne ya ƙago shi ba. Abin da boko ya yi shi ne ya ba raini nan tsani da takardar shaida.

2. Daga Nasarawa zuwa Midil

Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun Nasarawa a Kano. Akwai ta 'ya'yan sarakuna, akwai ta malamai, akwai kuma ta sana'a, inda ake koyar da sassaƙa da ƙira da dukanci da saƙa da ɗinki, da Hausa, a hannun gwanayen ƙasa. Daga baya aka buɗe irinta a manyan biranen larduna, suna yi wa En'e tebura da kujeru da ƙofofi. Rahoton Phelps-Stokes na 1922, da takardar manufar ilmi da gwamnatin Ingila ta fitar cikin 1925, duka sun ƙarfafa wannan ra'ayi, cewa ilmi ya dace da rayuwar jama'a.

Amma tun daga Nasarawa an riga an raba hanya. Ɗan sarki yana wannan aji, ɗan talaka mai guduma yana wancan. Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, kowa ya ga inda ɗaukaka take. Cikin 1929 aka haɗa ma'aikatun ilmi na Arewa da Kudu ƙarƙashin E. R. J. Hussey, ba a daɗe ba aka narkar da makarantun sana'a cikin sababbin makarantun Midil. Daga nan sassaƙa da ƙira suka zama darasi ɗaya cikin darussa, na 'yan sa'o'i a mako.

Tarihin babban ɗan Rabah ya isa misali. Ahmadu Bello ya yi makarantar lardi a Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1926, ya fito cikin 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah cikin 1934, Sardauna cikin 1938, Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954. Duk uban da ke ƙasar Rabah ya ga wannan tsani da idonsa, ya ga kuma babu maƙera ko a mataki ɗaya nasa. Ba za a zargi uban da ya so ɗansa ya bi ta nan ba.

3. Makarantun sana'a na Jihar Arewa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shirin raya ƙasa na shekara goma na 1946 ya ba da kuɗi aka kafa wuraren koyon sana'o'in zamani. Cikin 1956 aka buɗe makarantar fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna cikin 1968. Gwamnatin Sardauna ta buɗe makarantun sana'a a larduna, yaro ya gama firamare ya yi shekara uku, in ya yi fice a tura shi Kano ko Bukuru ko Ilori, ya nemi takardar City and Guilds ta Landan. Rahoton Ashby na 1960 ya yi kashedi cewa ƙasar nan tana ƙarancin ma'aikata masu matsakaicin ilmin fasaha, waɗanda ke tsakanin injiniya da lebura.

Duk da haka zamanin ya rinjayi shirin. Lokacin nan ne ake gaggawar cika ofisoshi da 'yan Arewa, wanda duk ya gama sakandare kujera na jiransa. Saboda haka sai zaɓe ya zama hawa-hawa: na gaba su tafi sakandare, na biye kwalejin horon malamai, saura makarantar sana'a. Yaro ya shiga ƙofarta ya riga ya san an auna shi an ga bai kai ba.

4. Akwatunan da ba a buɗe ba

Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Ikko cikin 1969 shi ya haifi Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, da tsarin nan na 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi daga 1982. Wannan karon niyyar ta fi ta da girma, watau kowane yaro, ba waɗanda suka faɗi kaɗai ba, ya taɓa katako da ƙarfe da lantarki cikin shekara uku na ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba makarantu. Sanannen abu ne cewa da yawansu sun ruɓe cikin akwatunansu, don babu ɗakin kafa su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu.

Abin tausayi, daidai wannan lokaci ne ƙasar Rima ta fi bukatar masu fasaha. An kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima cikin 1973, aka gama madatsar ruwa ta Goronyo cikin 1984, mai ɗaukar ruwa wajen mita miliyan 942 na murabba'in zurfi. Daga 1993 shirin fadama ya yawaita rijiyoyin burtsatse da ƙananan injunan ban ruwa, jigo ya ja da baya. Ga aiki ya zo har ƙofar gida, amma kwalejojin fasaha da aka fi sani, su Farfaru da Runjin Sambo, suna cikin birnin Sakkwato. Gareji ne ya cike gurbin.

Ba a daina gwadawa ba. An kafa NABTEB cikin 1992 don jarrabawar sana'a. Cikin 2011 aka wajabta wa kowane ɗan babbar sakandare ya zaɓi ɗaya cikin sana'o'i 34. Cikin 2025 aka rage su zuwa 6, cikinsu har da haɗa wutar hasken rana, da kiwo, da noman lambu, da gyaran waya da kwamfuta, da ɗinki. Zaɓen nan ya fi na baya kusa da rayuwar fadama. Sai dai canjin suna a takarda ba shi ke kawo gwani da kayan aiki ba.

5. Shaidar harshe

Hausa tana da ƙa'ida mai kyau ta gina sunayen sana'a. Daga ƙera a sami maƙeri da maƙera, daga rina a sami marini da marina, daga jeme a sami majemi da majema, watau mai yi da wurin yi duk daga tushe ɗaya. Akwai kuma wata hanyar, ta baduku, dukawa, dukanci. Sa'ad da sana'o'in zamani suka zo, kalmominsu sun shigo ta baka, daga ma'aikatar ayyuka da tashar jirgi da gareji: kafinta, birkila, tela, direba, fenta, walda, sufana, fulogi, bawul, salansa. Yadda aka lanƙwasa su ya nuna kunne ne ya karɓe su, ba ido ba.

Kalmar makanike ita ta fi ban sha'awa. Bahaushe ya ji ma a farkonta, ya ɗauka ɗafa-goshin nan ne da ya sani a maƙeri da magini, ya cire shi. Sai ga bakanike, kanikawa, kanikanci, daidai da baduku, dukawa, dukanci. Harshe ba ya yi wa baƙuwar kalma irin wannan hidima sai abin da take nufi ya zama ɗan gida. To, a gwada da darasin fasaha na ƙaramar sakandare. Shekaru masu yawa ana koyar da shi, bai sami sunan Hausa ba, yara dai suna ce masa intirotek, ba a sami mai yi ko wurin yi daga jikinsa ba. Na taɓa zama da wani bakanike a wata kasuwar ƙasar Rima ina rubuta sunayen sassan injin ban ruwa, ya lissafa mini su tiryan-tiryan yana nuna kowane da yatsa. Wani ɗan sakandare da ke tsaye ya san ma'anar waɗansu da Turanci, ya haddace su don jarrabawa, amma bai iya nuna ko ɗaya a jikin injin ba. Bakaniken kuwa bai iya karanta takardar da ta zo da injin ba.

A lura kuma da yadda muke raba aiki da sana'a. In an ce wane ya sami aiki, albashi ake nufi. In an ce yana 'yar sana'a, ana nufin kafin Allah ya kawo aiki. Bello bai san wannan rabuwa ba, a ofis aka haife ta.

6. Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan ya nuna cewa abu ukun da ribaɗi ya haɗa, makaranta ba ta taɓa haɗa su gaba ɗaya ba. A Nasarawa akwai gwani da kayan aiki, amma an ajiye su a ajin ƙasa. Cikin 1982 an sami kayan aiki babu gwani. Cikin 2011 an sami sunayen sana'o'i, galibi babu gwani babu kaya. Gareji kuwa yana da ukun, abin da ya rasa shi ne karatu da lissafi da takardar shaida, waɗanda su ne makaranta ke da su.

Saboda haka nake roƙon malaman kwalejoji abu biyu da ke cikin ikonmu. Na ɗaya, mu tura ɗalibanmu maƙera da majema da gareji su tattaro kalmomin sana'a, kamar yadda Bargery ya yi yawon tattara ƙamus ɗinsa na 1934, don a sami littattafan fasaha da Hausa, ta yadda yaron Dinawa zai karanta sunan abin da ya riga ya riƙe a hannunsa. Na biyu, mu koya wa malaman gobe kada su ji kunyar gayyato bakanike ko mai haɗa wutar rana cikin aji, ko kai yara wurinsa, a kuma kira shi malam, don a wannan fage shi ne malam. Ga kwalejin aikin gona a Wurno, ga madatsa a Goronyo, ga kasuwar albasa, ba sai an tafi nesa neman abin koyarwa ba. Sauran, watau kuɗi da wuta da gine-gine, na hukuma ne, mu dai mu sauke namu. Allah ya sa mu dace, amin.